Akuyar Mama Asabe da Tambaya ta Goma Sha Bakwai

Har gobe ban manta da Alhamis ɗin da wani dattijo ya tare ni a tsakiyar hanya, fartanya a kafaɗa, yana tambayata laifin da gidansa ya yi mini ba. Ku sababbi da kuke ta hamma don an ce ku haddace gabatarwa, ku buɗe kunne, ni ba na maimaita magana.

Lokacin watana uku da fara aiki da wani kamfanin jin ra'ayin jama'a. Damina ce, zaɓe saura 'yan watanni. Mu takwas ne masu tambaya a tawagar Kafanchan, sai shugaban tawaga, Oga Bitrus, mai raba mana ƙauyuka. Sama da shi akwai wata Madam a Kaduna da ban taɓa ganin fuskarta ba, muryarta kawai na sani. Kowa an ba shi falmaran mai ruwan ɗorawa, da katin shaida a wuya, da wata faffaɗar waya da muke kira tab, a ciki tambayoyin suke.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar ita ce ka fara daga wuri sananne, majami'a ko masallaci ko famfo, ka bi hannun dama, ka tsallake gida huɗu ka shiga na biyar. An yi haka ne don kada mai tambaya ya riƙa zaɓen gidajen da suka yi masa. In ka shiga, sai ka karanta gabatarwa: mu ba gwamnati ba ne, ba jam'iyya ba ne, babu abin da za a ba ka, kuma kana da ikon ƙin amsawa. Daga nan tambayoyi. Mutum nawa ne a gidan, me kuke nomawa, yaya damina. Ta goma sha bakwai ita ce wadda aka turo mu dominta: shin shugaban ƙasa mai ci ya cancanci a sake zaɓensa? A ƙarshe ka karɓi suna da lambar waya, don Oga ya kira ya tabbatar ba a gindin mangwaro ka zauna ka cike da kanka ba.

Gabatarwar nan ta ishe ni. Doguwa ce, an rubuta ta da Hausar littafi, kafin ka gama tsohuwa ta fara gyangyaɗi. Sai na yanke ta. Na mai da ita, "Sannunku, tambayoyi ne 'yan kaɗan, ba zan daɗe ba." Na fi kowa sauri a tawaga, har Oga yana ba da misali da ni.

Ranar Laraba aka tura ni wani ƙauye a bayan Godogodo, gida sha biyu cikin kwana biyu. Tarbar da aka yi mini ban taɓa samun irinta ba. Kujera, ruwa, dafaffiyar gyaɗa. Na yi gida tara a ranar, kuma duka taran, da na zo tambaya ta sha bakwai, "E" suka ce. Wani ma bai bari na kai ƙarshen jimla ba. "Ya cancanta, ya cancanta, Allah ya ƙara mishi lafiya." Na yi mamaki, don mutanen yankin nan ina jin bakinsu a mota da kasuwa, in ana maganar tsadar taki da ciwon da ya cinye musu citta ba sa raga wa kowa. Amma na ce ina ruwana, aikina rubutawa.

Gida na bakwai shi ne na Mama Asabe, gwauruwa, tana riƙe da jikoki uku. Ita ma "E" ta ce, ta maimaita mini sunanta sau biyu, ta sa na karanto mata shi daga tab ɗin.

Washegari wajen ƙarfe goma na koma don in ƙarasa ukun da suka rage. Ina ƙirga gidaje, ɗaya, biyu, uku, sai ga dattijon nan a gabana. Daga baya na ji sunansa Baba Yohanna.

"Yarinya na, tsaya. Gida na ya yi miki menene?"

Na ce, "Baba, ba komai. Ƙa'ida ce, na biyar ake shiga."

"Wane ƙa'ida? Jiya kin wuce ɗan'uwa na, yau kin wuce ni. Mu ba 'yan ƙasa ba ne? Ko mu masaran mu ba ya cin taki?"

Na ce, "Wane taki?"

Ya dube ni kamar na zage shi. "Takin da kike rubuta suna! Ki sa ni a lis. In maganan shugaba ne, ni ma na ce e. Ya cancanta. Rubuta!"

Na waiga. Mutane sun fara taruwa, waɗanda na tsallake jiya duk sun fito, kowa yana faɗin sunansa. A nan na fahimta. Ashe a bara wasu masu rabon tallafi sun zo ƙauyen da falmaran irin tawa, da tab irin nawa, suka tambayi yawan mutanen gida da abin da ake nomawa, suka ɗauki suna da lambar waya. Waɗanda aka rubuta sun sami taki. Da aka gan ni, sai magana ta zaga cewa an dawo, kuma bana akwai tambayar gwaji a ciki, wanda ya ce a'a an cire shi.

Ana cikin haka sai ga Mama Asabe ta ratso mutane, fuskarta cike da fara'a, ta kama hannuna.

"Ɗiya na, Ubangiji ya yi miki albarka. Yau kasuwa, da yanzu ina can da akuya na. Shi kaɗai ya rage mini, zan sayar in sayi taki, masara ya fara ja. Amma tunda kin rubuta ni, na fasa. Yaushe motan zai zo?"

Kun ji. Masara ta fara ja, wato kwanakin zuba taki suna ƙarewa, in aka wuce su an yi asarar damina. Kasuwa kuma sai wani satin. Matar nan ta ajiye abincin jikokinta na shekara a kan sunan da na rubuta, ni kuwa na rubuta shi ne don Oga ya tabbatar na zo aiki.

Zan faɗa muku gaskiya, abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce, "Za a kira ku," in hau babur in gudu. Babu wanda zai sani. Na matsa gefe na kira Oga Bitrus.

Ya ce, "Saratu, kin karanta musu gabatarwa?"

Na hau kame-kame.

"Ke nake tambaya."

Na ce, "Na taƙaita."

"Kin taƙaita! Kin kashe ni, yarinyar nan. Tun yaushe kike taƙaitawa?"

Na ce, "Oga, wannan a bari sai na dawo. Akwai matar da kasuwa za ta tashi ba ta sayar da akuyarta ba."

Ya ce, "To me kike jira? Je ki gaya musu da bakinki. In sun ɗaga sanda ki kira ni."

Na hau kan dakalin famfo, na buɗe tab, na karanta gabatarwar nan tun daga farko har ƙarshe, da ƙarfi. Da na zo wurin "babu abin da za a ba ka", na ajiye Hausar littafi na ce, "Jama'a, babu taki. Babu mota. Ba a aiko ni da komai ba sai tambaya. Laifina ne, tun jiya ya kamata in faɗa muku."

Wata mata ta ce, "Yesu!" Wani saurayi ya ce in biya su gyaɗarsu. Baba Yohanna ya yi wata dariya marar daɗi ya ce, "To, gara da aka tsallake ni. Ban sayar da baki na a banza ba." Waɗanda na shiga gidajensu kuwa, kansu a ƙasa. Wannan ya fi zagin ciwo, don na sa manya sun yi abin kunya a gaban 'ya'yansu.

Mama Asabe kuwa ta juya. Ta shiga gida, ta fito da akuya a igiya. Na ce ta hau babur ɗin da ya kawo ni, ni zan taka. Ba ta ko kalle ni ba, amma ta hau, aka ɗora mata akuyar a cinya. Ta isa kasuwa manyan masu saye sun riga sun loda sun tafi. Ta sayar a wulaƙance. Maimakon buhu, mudu-mudu ta auno.

Kamfani ya goge duk aikin da na yi tun ranar da na fara yanke gabatarwa. Madam ta kira ni da kanta, ta wanke ni tas, aka ba ni takardar gargaɗi. Sannan Oga ya ce bayan sati biyu in koma ƙauyen in sake, ba falmaran, kuma sai mai unguwa ya yi shela tukuna cewa ba rabo ba ne.

A karo na biyu babu kujera, babu gyaɗa. Amma a ranar na fara jin mutane. Wani ya ce shugaban ya cancanta, don shekaru biyu ke nan yana kwana a ɗakinsa, ba a daji don tsoron mahara ba, kuma wanda bai taɓa gudu da yara a kafaɗa ba ba zai gane ba. Maƙwabcinsa na gida na biyar ya ce bai cancanta ba ko kusa, barci ba ya cika rumbu, mutumin da ya sa manomi sayar da dabba don ya ciyar da gona bai san ƙasar da yake mulka ba. Wata ta ce ita ba ta ga bambanci ba, a kawo wani ma a gani. Ni ina da nawa ra'ayin, kuma mai zafi ne, amma ba a ɗauke ni aiki don shi ba.

Ƙirga ta sake kai ni gidan Mama Asabe. Na karanta mata gabatarwa, ta saurara har ƙarshe tana ɓare wake. Ta amsa komai. Da muka zo ta sha bakwai sai ta ɗago.

"Rannan na yi miki ƙarya saboda buhu. Yau babu buhu, kina so in ba ki gaskiya kyauta? Ina da amsa. Zan kai shi akwatin zaɓe da ƙafa na."

Na danna "ta ƙi amsawa". A wata ukun da na yi ina gudu daga gida zuwa gida, ban taɓa danna wurin nan ba sai ranar.

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba wawaye ba ne, kuma ba maƙaryata ba ne. An daɗe ana zuwa musu da takarda a hannu ɗaya, buhu a ɗayan, har suka koyi amsa wa buhun. In ba ka nuna musu hannunka biyu babu komai ba, yunwarsu za ka rubuta ka kai Kaduna, a buga ta a ce ra'ayin jama'a ne a kan shugaban ƙasa. Minti biyu gabatarwar nan take ci. Duk wadda na kama ta yanke ko layi ɗaya, ta ajiye mini tab ta koma gida.