Ranar da Na Karɓo Motata daga Bayan Warsan

Da sunana aka yi wa motar rajista, amma ƙanena ke tuƙa ta. Shi ne autanmu, kuma ko da yake ya haura arba'in, har yau Auta nake kiransa. Yana aiki a wani kamfanin kargo a Al Rigga, muna zaune tare a filat ɗina na Al Karama, a nan Dubai. Ni kuwa sana'ata abaya da turare, ina saye ina aika wa masu shaguna a Kano da Kaduna. Da safe ya sauke ni a Deira, da yamma ya ɗauko ni da ƙullin kayana. Haka muka shekara huɗu.

Wata Lahadi da safe ina shan shayi sai waya ta shigo da lambar da ban sani ba. Muryarsa ce, amma can ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ina ofishin 'yan sanda."

"Lafiya? Hatsari ka yi?"

"Na ɗan bugi ƙarfen gefen titi. Ba wanda ya ji ciwo. Sai suka ce in hura wani abu, na hura."

"Sai me?"

"Sai ya nuna."

Na daɗe riƙe da wayar ban gane abin da ya nuna ba. Ashe liyafar wani abokin aikinsa ya je, ya sha giya, ya hau mota. Shekara huɗu muna cin abinci a faranti ɗaya ban taɓa jin ko warinta a jikinsa ba.

A ƙasar nan ba a wasa da wannan laifi. Ya yi kwanaki a tsare, kotu ta ci shi tara, aka karɓe lasisinsa, mota kuma aka ce sai ta yi wata biyu a hannun hukuma. Da ya dawo gida na yi sati guda ban ce masa uffan ba. Shi kuma ya koma shara da wanke-wanke, har da dafa mini shinkafa da wake wadda gishirinta ya yi yawa, ya ajiye a ƙofar ɗakina.

Maƙwabciyata ce ta sasanta mu. Nas ce 'yar Kafanchan, tana aiki a wani asibiti, kowa a benenmu Sista yake ce mata. Mace ce mai dariya da dukan jikinta. Ta shigo ta same ni ina ninke abayoyi, ta zauna a kan katan.

"Hajiya, ni a asibiti nake, na san abin da ake kawo mana. Ki gode wa Allah ƙarfe ya buge, ba ɗan mutane ba. Ki yi fushinki, kina da gaskiya, amma ki yi shi da baki. Wannan shirun naki ni ma ya hana ni barci."

A ranar na kira shi na wanke shi tas. Ya durƙusa yana saurare, kansa a ƙasa.

Wata biyun nan a jirgin ƙasa na metro na yi su, ni da jakunkunana, tun daga Karama har Deira. Na san kowace matakala ta tashar. Saboda haka ranar da saƙo ya shigo wayata cewa wa'adi ya cika, ji na yi kamar an ce bizar Umara ta fito.

Dole ni zan je da kaina, tunda sunana ke jikin takardu. Sista ta ce ranar hutunta ce, za ta raka ni ta ga gidan yarin motoci. Auta ma ya ce zai bi mu. Na ce ya zo, ai shi ya san hanyar da ya kai ta.

Muka fara zuwa ofishin kula da zirga-zirga, muka ja lamba, muka zauna. Ba a daɗe ba aka kira mu, na biya abin da ake biya, aka ba ni takardar saki. Daga nan tasi ya ɗauke mu, muka wuce International City, muka wuce rumbunan kaya na Al Warsan da gidajen lebura masu wanki a rataye a kowace taga, har gine-gine suka ƙare. Can muka hango fili an kewaye shi da waya, motoci jere a rana iya ganin ido.

Ofishin wurin ɗan ƙarami ne, iyakwandishan na ta ƙugi. Wani dattijo baƙi, dogo, mai kaurin gashin baki, yana zaune bayan kanta yana danna kwamfuta da yatsa ɗaya. Na miƙa masa takardar saki da katin shaidata. Ya duba, ya ce da Larabci, "Mulkiya."

Mulkiya ita ce katin mallakar mota. Na juya wajen Auta.

"Ina mulkiyar?"

Ya sosa ƙeya. "Tana cikin motar, Yaya. A aljihun gaba."

Na yi wa dattijon bayani da guntun Larabcina. Ya ce "shwaiya, shwaiya," wato mu dakata, ya ci gaba da danne-dannensa. Ga shi ba a shiga filin sai an gama takardu. Sista ta matso kusa da kunnena, amma ita ba ta iya raɗa ba.

"To yau ake yin ta. Ba mota sai da kati, ba kati sai da mota. Kuma wannan baba mai gashin baki kamar tsintsiya, da yatsa ɗayan nan nasa sai mun yi Magariba a nan."

Dattijon bai ɗago ba. Ya gama layin da yake rubutawa, ya cire tabarau, sannan ya ce da Hausa, irin ta mutanen da, a hankali, "Sannunku da zuwa, 'yan uwa. Gashin bakin gadonsa na yi wurin kakana."

Sista ta rufe fuska da jakarta. Auta, wanda rabonsa da dariya tun kafin a kama shi, ya juya ya fuskanci bango kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa haƙuri na shiga bayarwa, dattijon yana ta murmushi.

Ɗan Sudan ne. Ya ce kakanninsa daga ƙasar Sakkwato suka taso da ƙafa za su aikin Hajji, suka yada zango a bakin kogi a Sudan, zangon ya zama gida. A gidansu har yanzu tuwo ake ci, Hausa ake yi. Ya tambaye ni ko har yau ana samun daddawa mai kyau a Kano, na ce ina da ita a firij, zan aiko masa. Sista ta leƙo daga bayan jaka ta ce ita za ta kawo da kanta, kaffarar bakinta.

"Batun mulkiya kuma, Hajiya, kawo wayarki," in ji shi. Ya nuna mini inda zan shiga, sai ga katin ya fito a fuskar wayar, da sunana da lambar motata. Duk shekarun nan yana aljihuna ban sani ba. Ya buga hatimi, ya rubuta mana lambar layi a 'yar takarda. Da zai miƙa wa Auta makullin sai ya tsaya ya dube shi.

"Kai ne direban?"

"Ni ne, Baba."

"Nan wurin ina ganin motocin da masu su ba za su taɓa zuwa karɓa ba. Kai ga ka da ƙafafunka. Kada in sake ganinka." Ya juya ya ba ni makullin a hannuna.

Neman motar ya fi komai wuya. Tawa fara ce, kuma rabin motocin Dubai farare ne, ga rairayi ya lulluɓe su duk sun koma launi ɗaya. Na danna makulli ko fitila za ta ƙifta, shiru. Muka rabu uku muna goge lambobi da tishu, rana tana dukan mu. Sista ta yafa gyalena na biyu a kanta, tana tafe tana gaishe da manyan motocin alfarma da ke zube a wurin, tana tambayarsu me ya kawo su. Auta ne ya gano ta, ta wurin lotsewar da ya yi mata a gaba. Ya tsaya yana kallon wurin, bai kira mu da wuri ba.

Da na buɗe ƙofa sai da na ja da baya. Na manta cewa akwai katan ɗin turaren oud a but, wanda na saya ranar Asabar ɗin da abin ya faru. Zafin wata biyu ya tsinke murafen kwalaben, turaren ya malale ya jiƙa kafet. Ƙamshin ya bugo mu kamar an buɗe ƙofar ɗakin amarya goma a lokaci guda. Ma'aikacin da ya zo da batir zai tayar mana da motar, wani ɗan Pakistan, ya shaƙa ya lumshe ido, ya kira abokinsa shi ma ya zo ya shaƙa. Ya ce tunda yake aiki a nan bai taɓa sakin mota mai daɗin wannan ba. Na lalubo kwalba biyu da suka tsira na ba su.

Inji ya tashi a karo na biyu. Muka tsaya mu uku muna kallon kujerar direba.

A lissafina, ban taɓa kawo wannan ba. Auta ba shi da lasisi. Sista ko keke ba ta iya ba. Ni ina da lasisi, na ci jarrabawa a zama na uku, har ina sabunta shi, amma tun ranar da wata tirela ta danna mini hon a babban titi na ajiye tuƙi. Na ce mu kira motar da ke ɗaukar motoci.

"Yaya, kin iya," in ji Auta. "Ni na koya miki ribas. Zan zauna a baya in riƙa faɗa miki hanya."

"Shiga, Hajiya," in ji Sista. "Ke ki yi addu'arki, ni in yi tawa. Wadda ta fara isa ta ishe mu."

Na yi bisimilla, na ja kujera gaba har gwiwata ta kusa taɓa sitiyari. Muka fito daga filin kamar masu rakiyar gawa. Dattijon yana bakin ƙofar ofishinsa, ya ɗaga mana hannu, ni ban iya sakin sitiyari na rama ba.

Gilasai duk a sauke muka taho, don in an rufe ƙamshin sai ya sa mu hawaye. Na kama layin dama ban bar shi ba. Manyan motoci suna wuce mu, Sista tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa, Auta yana cewa, "Daidai, Yaya. Sa sigina. Dubi madubi. Yanzu shiga." Muryarsa ba ta tashi ko sau ɗaya ba, har lokacin da na wuce mahaɗar da za ta kai mu Karama muka tsinci kanmu muna nufar filin jirgi. Sai da muka yi zagaye mai nisa. Wajen rabin hanya na lura kafaɗuna sun sauka, har na ce wa Sista ta kunna rediyo.

A ƙofar benenmu sai da na gwada fakin sau huɗu. Mai kantin ƙasa, wani ɗan Kerala, ya fito yana yi mini nuni da hannu, "taho, taho, khalas," wato ya isa. Sista ta sauka tana cewa ƙafafunta sun mutu, ta hau sama ɗora mana abinci.

Muka rage ni da Auta a cikin motar. A nan ya gaya mini yadda shan giyar ya faro, shekara biyu da suka wuce, bayan rabuwarsa da matarsa da ya bari a gida, da yadda yake tauna kanumfari kafin ya shigo gida. Ya ce Sista ta haɗa shi da wani likita, ya riga ya je sau uku. Sannan ya tambaye ni ko na faɗa wa Inna, mahaifiyarmu.

"Ban faɗa ba. Kai za ka faɗa da bakinka."

Ranar Juma'a bayan masallaci ya kira ta, ya sa a sifika ina zaune. Inna ta saurare shi har ƙarshe. Ta yi salati, ta yi masa faɗa mai tsawo, ta yi kuka, ta sa masa albarka. Can ta ja numfashi ta ce, "To yanzu wa ke kai ku aiki?"

"Yaya ce."

Inna ta ce, "Wace yayar? Ita da ko a bayan babur sai ta rufe ido?" Ta ce lallai a ɗauko mata bidiyo, in ba haka ba ba za ta yarda ba. Washegari Auta ya ɗauke ni ina fita daga layinmu, ya tura mata, ita kuma ta nuna wa duk matan da suka zo gaishe ta a satin nan.