Ranar da Jirginmu Ya Ɗan Makara

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba na jin zai kwashe ranar da kamfanin jirgin saman da na yi wa aiki ya mutu muna bakin aiki.

A lokacin ina koyarwa a Chinade, kullum a kan babur daga Azare. Da na ji wani sabon kamfanin jirage na ɗaukar ma'aikata a Kano, sai na ajiye alli. Babana ya tambaye ni jiragensu nawa, na ce biyu. Ya ce, "To, sun fi mu."

Aikina auna kaya da yin sanarwa. Ba a jima ba aka kai jirgi ɗaya gyara ƙasar waje, ya zauna can. Ɗayan ne ya ci gaba da zirga-zirga tsakanin Kano da Legas.

Wata safiya ya tafi Legas, fasinjoji suka taru suna jiran dawowarsa. Manaja ya ce in sanar cewa jirgi zai ɗan makara, na sanar. Yau shekara da shekaru ke nan, bai iso ba.

Cikin masu jiran akwai wata dattijuwa da ɗanta ke kwance a asibiti a Legas. Wajen azahar ta zo gabana.

"Ɗana, an ce jirgin wani kamfani zai tashi yanzu. In bi shi?"

"Yi haƙuri, Hajiya, namu yana hanya."

Ban san komai ba. Rigar kamfani ce a jikina, ina ganin abin kunya ne in ce ban sani ba. Ta koma ta zauna, wancan jirgin ya tashi.

Bayan la'asar manaja ya fito, ya cire katin wuyansa ya sa a aljihu. Ya ce masu jirgin sun karɓe abinsu, ashe haya muke yi.

Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Da ka ce ba ka sani ba, ai da na san abin yi."

Ni na ɗaukar mata jaka zuwa tashar mota. Ko ta tarar da ɗanta da rai, har yau ban sani ba.

Na dawo Azare, inda har gobe ake kirana Pailot, ni da ban taɓa shiga jirgi ba. Amma tun ranar, duk wanda ya tambaye ni abin da ban sani ba, ina gaya masa da wuri cewa ban sani ba, tun yana da sauran hanyar bi.