Aksil daga Maraɗi

Motata a-kori-kura ce, tsohuwa, mai jan taya huɗu. Da ita nake ɗaukar hatsi da mutane daga ƙauyukan Tsamaye zuwa kasuwar Sabon Birni, wani lokaci har Isa. Tun da 'yan bindiga suka fara tare babbar hanya muka koma bin burtali da gefen gonaki, inda babu kwalta, sai rairayi da rani, laka da damina.

Wata damina motar ta kafe mini a fadama, ɗauke da gero da mata 'yan kasuwa. Tayar dama ta baya ta faɗa rami tana ta juyawa tana watsa laka, ta hagu kuwa tana kan busasshiyar ƙasa a tsaye, kamar ba da ita ake ba. Ta gaba ma ɗaya ta shiga santsi. Na taka totur da haushi, sai na ji ƙas, sandar da ke cikin aksil ɗin baya ta karye. La'asar ta yi, kuma ba mai yarda magariba ta same shi a dajin nan, don haka muka bar motar muka taka da ƙafa. Da safe na koma da shanun huɗa don su jawo ta. Babu geron, babu batir.

Yayana ya taso daga Sakkwato da ya ji labari. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya ce, "Saida ta ga masu gwangwan. Ka ɗauko Inna ku taho birni, na samo maka tuƙi a wani shago."

Na ce, "Yaya, Inna ta ce ba ta barin ɗakinta, kai ma ka sani. In na bar hanyar ga, wa za shi kai mata magani?"

"Hanyar ga ta fi ƙarfinka."

"Ta fi ƙarfin aksil ɗina dai. Shi za ni canza."

Ya shiga motar haya ya koma.

Akwai wani makanike a Isa, sa'ana ne, tare muka yi yaranta. Ya kwance aksil ɗin ya buɗe mini tukunyar da ke tsakiyarsa, ya nuna mini haƙoran da ke raba wa tayoyin ƙarfi. Ya ce aikinsu ke nan, duk tayar da ta fi samun sauƙi ita suke ba ƙarfin, shi ya sa wadda ke cikin rami ta yi ta gudu ɗayar na kallo.

"Ka samo irin naka na da, in yi wa haƙoran walda," in ji shi. "Tayoyin su zama abu guda har abada. Kowa haka yake yi."

Na tambaye shi, "In na hau kwalta da lodi, na zo kwana fa?"

Ya yi dariya. "Za ta ci taya. Wata rana kuma sandar ta sake karyewa."

"To ba ni so. Na gaji da abin da za shi karye mani a daji."

Sai ya faɗa mini akwai aksil mai makulli, na motocin da ke keta Sahara. Waya ce ake ja daga wurin direba, tayoyin biyu su kulle su yi tafiya tare. In an fito daga laka a sake su. Ya ce amma nauyi gare shi, yana shan mai, kuma sai na tsallaka Nijar.

Na tsallaka. A wata makabartar motoci a Maraɗi na wuni ina shiga ƙarƙashin gawarwakin ƙarfe. Su can pon suke ce wa aksil. Mai wurin ya yi ta tura mini wani mai sheƙi, sabon fenti, amma da na girgiza shi na ji yana lilo daga ciki. Wanda na zaɓa baƙi ne, ya yi tsatsa a waje, kauri gare shi kamar turmi, man da ke cikinsa kuwa tas, babu garin ƙarfe. Makaniken ya gargaɗe ni tun a gida cewa dole haƙoran baya su yi daidai da na gaba, in ba haka ba motar za ta riƙa faɗa da kanta. Na sa aka buɗe, ba su yi daidai da na gaban motata ba. Sai na saye shi haɗe da aksil ɗin gaba na motar da aka ciro shi. Wannan ba shi da makulli, kuma haka nake so, don sitiyari ya riƙa jin magana.

Aikin ya ɗauki lokaci. Sai da aka matsar da mazaunin sifirin, aka rage tsawon farfela, sandar da ke kai wa aksil ƙarfin inji. 'Yan tasha suna wucewa suna cewa na ɗaura wa akuya ƙafar raƙumi. Na bar su.

Ranar da na fara fita da ita, wani kwari ne wajen Kurawa ya tare ni, ruwa ya cinye gefensa. Ina ɗauke da wani dattijo makiyayi da maciji ya sara, ɗansa na riƙe da shi a baya. Taya ɗaya ta ɗaga sama, motar ta tsaya. Na ɗaga ƙafa daga totur, na ja wayar, na ji ta shiga. Na taka a hankali. Motar ta yi nishi, ta hau. Muka isa asibiti da ransa, kuma ya tashi.

Ba ta gudu kamar da, man da take sha kuma ya sa na daina ɗan yawon banza. Har yanzu akwai ranakun da ake aiko mana kada kowa ya fito, mu zauna, don ni ba mahaukaci ba ne. Amma da an ce hanya ta yi sauƙi, ni ne na farko a bakin tasha, kuma direbobi biyu masu ƙananan motoci sun koyi jirana su bi sawuna. In sun kafe, akwai igiya a bayan kujerata.