Murfin Lagireton Garzali

Garzali mutumin Kura ne, shekara tara yana jan motar haya tsakanin Kano da Zariya kafin wani Balarabe ya ɗauko shi Doha ya zama direban gidansa a Al Thumama. Mutum ne mai zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya wuni yana tunanin abin da kake nema.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan hali, Gariba maigadin gidan, ɗan Zangon Kumasi. Lokacin korona, da aka killace Garzali a ɗaki sati biyu, Gariba ne ke dafa shinkafa da wake ya ajiye masa a ƙofa. Da ya warke suka koma cin abinci a kwano ɗaya. Duk faɗin Doha ba shi da wanda ya kai shi.

Ana saura wata biyu gasar cin kofin duniya, ruwan sabuwar motar da aka ba shi ya fara ɓacewa. Tun yana tasha, Garzali ba ya tada mota sai ya buɗe lagireto ya cika shi taf da ruwan famfo, har da gorar gefe. Yanzu kullum sai ya tarar ya ragu. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, bai ga ko ɗigo ba. Ya duba baƙin mai, bai gauraya da ruwa ba. Salansa ba ta farin hayaƙi.

To, ruwa dai ba ya da ƙafa. Sai ya tuna Gariba ya taɓa cewa ƙanensa direba ne, yana neman aiki. Shi ke nan, zuciya ta samu abin riƙo. Ya fara buɗe murfin sau shida a wuni, in zai rufe ya sa tsumma da filaya ya matse iya ƙarfinsa, don ya gane in an taɓa. Ruwa ya ƙara gudu, allurar zafi ta fara hawa.

Da maigida ya ce baƙinsa na tafe, ba ya son jin mota ta tsaya, Garzali ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni dai mutum ɗaya na sani mai zama kusa da ita." Ranar Alhamis aka mai da Gariba gadin gonar maigida a Umm Salal, can bayan gari.

Ranar Asabar motar ta yi tururi a hanya, Garzali shi kaɗai a ciki. Ya lallaɓa ta garejin Sunusi, wani bakanike ɗan Panteka. Sunusi ya bari ta huce, ya cire murfin ya juya shi.

"Wa ya ci zalin wannan? Robar ta tsage. Ta nan yake fita tururi."

"Da can fa, kafin ta tsage?" in ji Garzali.

"Cikawa kake taf ko? In ya yi zafi dole ta amayar da rarar a titi. Ga layi nan a jikin gorar, malam. Ba akwalar motar hayar Zariya ba ce."

Aka sa sabon murfi, Garzali ya daina wuce layi, ruwa bai sake motsi ba. Maigida ya dafa kafaɗar Garzali ya ce khalas, magana ta ƙare, ai Garzali ya kama mai laifin tunda an ɗauke Gariba ruwa ya tsaya. Garzali ya buɗe baki, ya tuna makullin motar da ke hannunsa, ya rufe. Kunya ta hana shi sakat har aka gama gasar.

Wata Juma'a ya tafi Umm Salal da tsohon murfin a aljihu. Gariba ya tarbe shi, ya shimfiɗa masa tabarma.

"Ɗan'uwa, ruwan ya daina ɓacewa?"

"Ya daina."

"Alhamdulillahi," in ji Gariba.

Garzali ya damƙe murfin yana neman ta inda zai fara. Gariba ya shiga ɗaki ya fito da shinkafa da wake, ya zuba wa Garzali a kwano, ya zuba nasa a wani daban.