Goron Mai Unguwar Cheras

Hajiya, kakata ta wajen uba, ta zo mana Cheras, wata unguwa a gefen Kuala Lumpur, a farkon shekarun dubu biyu, ina firamare, Baba yana koyarwa a wata jami'a. Ganin likitan ido ya kawo ta, sai zama ya miƙe. A jakarta akwai goro naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, ta hana kowa taɓawa. Na mai unguwa ne. A garinsu baƙo ba ya sakin jiki sai an kai shi ya gaida mai unguwa, don in wani abu ya same shi a san wa za a nema.

Baba ya yi dariya ya ce, "Hajiya, nan babu mai unguwa, sai council, hukumar gari."

"To kai ni wajen kansul ɗin."

Abin da wuya, domin Cheras rabe take biyu: rabi a ƙarƙashin birnin Kuala Lumpur, rabi a jihar Selangor, tun da aka yanke birnin daga jikin jihar. Benenmu kuwa dab da iyaka yake. Baba ya kai ta ofishin birni, aka ce mu 'yan Selangor ne. Suka hau bas zuwa Kajang, inda ofishin ɓangaren Selangor yake, wata yarinya a bayan gilashi ta yi murmushi ta ce babu mai karɓar irin wannan. Hajiya ta dawo da goronta, ta ƙi kwance akwati. Kullum da safe sai ta yayyafa wa goron ruwa, ta yini tana kai da komo tsakanin falo da baranda. Ni kuma tsoro nake ji kada ta koma gida.

Bayan magariba kaɗai take zama. Ba mu da murhu, sai maganin sauro da take kunnawa a baranda, ni da ƙanwata Amina mu kewaye jan bakinsa, motoci na ta gurnani a ƙasa.

"Ga wata nan ta taso muku."

Mu ce, "Okay lah," irin amsar yaran Cheras.

"Kai, angona, ko amsa tatsuniya ba ka iya ba, da me za ka riƙe ni?"

Kusan kullum labari ɗaya ne. Wani gari ne a gindin dutse, baƙo mai dukiya ya sauka, ya roƙi fili aka ba shi. Da zai yi biki sai ya ce a ara masa sunan garin ya sa, yadda ake aron riga. Suka ara masa. Baƙo ya ci ya yi ƙiba, suna ya ƙi cirewa daga jikinsa. Wata tsohuwa ta dawo daga kasuwar nesa tana tambayar hanyar garinsu, duk wanda ta tambaya sai ya nuna mata gidan baƙo.

"Then what, Hajiya? Sai me?"

"Tana can tana yawo. Ku je ku kwanta."

Haushi nake ji sosai. In kwanta ina ta juyi, ina nema wa tsohuwar nan hanya a kaina.

Wata Juma'a Hajiya ta hango wani dattijo Bamalaye, ɗan asalin ƙasar, daga baranda, yana share ƙofar ƙaramin masallacin benenmu, kowa ya zo wucewa sai ya tsaya ya gaishe shi. Pak Cik muke ce masa, wato kawu. Ta yafa mayafi, ta ja hannuna in yi mata tafinta. Ta durƙusa, ta faɗi sunanta da na ubanta, ta miƙa goro. Na ce mata ba shi da wata sarauta fa. Ta ce in faɗa kawai. Pak Cik ya karɓa da hannu biyu, ya gutsura, fuskarsa ta yamutse don ɗaci, amma ya daure ya haɗiye.

Ranar ta kwance akwati. Da yamma kuma tsohuwar nan ta cikin tatsuniya ta gaji da yawo, ta zauna a inuwa, ta gaida mutumin da ta tarar a wurin, ya amsa mata da sakin fuska, ta sauke kayanta. Hajiya ta ce, "Nan na ajiye muku ita."

Sai da na girma na je Suleja, garinsu, na gane. A garin Abuja aka haife ta. Da aka kafa sabon babban birni aka ɗauke sunan aka ba shi, ta wayi gari 'yar Suleja ba tare da ta matsa ko'ina ba. Shi ya sa ba ta damu da sunan da hukuma ta raɗa wa wuri ba, mutum take so ya san da zamanta.

A Cheras ta rasu. Da safen ranar Baba ya tsaya a falo, waya a kunne, yana tambayar ko maƙabartar birni ce tamu ko ta jiha. Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Pak Cik ne, da mata masu wanka a bayansa. Ya dafa kafaɗar Baba ya yi magana a hankali da Malayanci, ni na fassara ina kuka: "Ajiye wayar. Ta zo ta gaishe ni, tamu ce."