Kunun Kanwa da Littafin Sinadarai

Da na haihu aka kai ni wanka gida, daga Gashua inda nake koyar da ilmin sinadarai zuwa Nguru wurin Inna. Cikin kayana har da wani ƙaton littafi mai bayanin sinadarai ɗaya bayan ɗaya: sunan kowanne, inda ake samunsa, da ɓarnar da yake yi wa jiki. Inna ta ɗaga shi ta ce, "Wannan kuma matashin kai ne?"

Duk wanda ya zauna a Gashua ya san tsoron kumburin ƙafa. Mun sha raka masu ciwon ƙoda asibiti, shi ya sa ba abin da ke shiga bakina sai na harare shi. To ga shi ƙafafuna sun fara tashi, numfashina na sarƙewa, Inna kuwa kullum safiya sai ta dire min kwanon kunun kanwa, wanda ta dama da ungurnu, kanwa mai kyau da ta zaɓo da kanta a kasuwa.

Na fara zargin kwanon nan. Na buɗe littafi na nemo gishirin da ke cikin kanwa, na ga irin wanda ke tara ruwa a jiki ne, ya wahalar da zuciya. Na tsorata ƙwarai. Inna ma ta fara zargina, sai ta tsaya a kaina har ta ga na haɗiye.

Ran nan na ture kwanon.

"Inna, ba zan ƙara sha ba. Shi ke kumbura ni."

"Ke da boko! Da shi na yi jegonku duka. Takarda ce za ta koya min jego?"

Na karanta mata wurin, ina mayarwa da Hausa: kumburi, haki, kasa kwanciya. Ina jiran faɗa, sai na ga ta zauna kusa da ni tana kallon littafin. Yayata ta rasu tana jego a ɗakin nan, jikinta a kumbure, aka ce iska ce ta shige ta. Inna ce ta yi ta dama mata kunu, tana ƙara kanwa don ta samu ƙarfi.

Ta shafa shafin da ba ta iya karantawa.

"Lokacin yayarki, an riga an rubuta wannan?"

Littafin ya girme mu, ni da Yaya. Na sunkuyar da kai na rufe shi. Inna ba ta sake tambaya ba. Ta ɗauki kwanon ta fita, na ji tana zubar da shi a bakin rariya.