Ranar da Na Kira Sunan Malam

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta shirin intabiyun da na yi a tsakar gidanmu na Ƙofar Kibo ba. Har yau in na ga turmi a kife, sai abin ya dawo mini sabo.

Ni ban shiga aji ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Makarantar matan aure na yi, benci ɗaya da sa'o'in 'ya'yana, wadda ta yi mini dariya kuwa na wanke ta tas. Ina gamawa rayuwa ta yi tsada. Mai gidana, wanda nake kira Malam, ɗinkin babbar riga yake yi da hannu, to wanda bai ci ya ƙoshi ba ina shi ina riga mai aiki? Allurarsa ta kwanta, murhunmu ya fara wuni ba wuta. Sai muka ji wata makarantar kwana ta 'yan mata a wajen Wusasa tana neman mai kula da ɗalibai. Gurbi ɗaya, masu nema kuwa har da masu digiri. In na rasa shi, ban san abin da za mu ci ba.

Malam, da bai taɓa shiga ofis neman aiki ba, shi ya ce zai shirya ni. Bayan la'asar sai ya kife turmi ya zama tebur, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya haɗe rai. Na yi sallama na durƙusa.

"Tashi, Hajiya. A can a kan kujera ake zama. Kuma dube ni cikin ido."

Na zauna, na dube shi. Ya tambayi karatuna, na zuba. Ya tambayi yadda zan yi da yarinya mai taurin kai, na ce ai ni ce uwar masu taurin kai. Sai ya gyara murya.

"Sunan mai gidanki?"

"Kai ba ka san sunanka ba?"

"Ni yanzu shugaban makaranta ne."

"To shugaba, sunansa Malam."

"Rabin mazan Zariya Malam ne. Wanne a ciki?"

Tun da aka kawo ni gidansa sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka tashi muka ga iyayenmu. Ko ɗan maƙwabta mai sunansa, "mai sunan Malam" nake ce masa. Na buɗe baki, harshe ya ƙi. Ya yi dariya har tabarau ya zame.

"Ikon Allah! Bakin da ya gagari unguwa, sunana ne ya gagare shi."

Kullum a nan muke tsayawa, ni ina masifa, shi yana dariya.

Ranar intabiyu na tarar da layi har bakin ƙofa, 'yan mata sai Turanci suke zubawa. Da na shiga, na zauna a kujera, na dubi shugabar cikin ido. Can ta ce, "Sunan mai gida fa?" Na tuna murhunmu. Na faɗe shi cikakke, har da na mahaifinsa, da ƙarfi kamar mai shela. Ita ko a jikinta.

Na dawo na tarar da shi a zaure yana jirana.

"Kin faɗa?"

"Na faɗa."

"To maimaita in ji yadda ya fito."

"Allah ya kiyaye!"

"Ba komai," in ji shi. "Baƙuwa ta riga ni ji. Zan jira."

Na sami aikin, tukunya ta koma kan wuta. Malam ya ci gaba da jira, yana tsokanata lokaci-lokaci, ina cewa sai wata rana. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Yanzu bayan kowace salla sai na kira sunan nan cikakke ina nema masa gafara. Yana fita sumul, ba gargada. Mai son ya ji ne ba ya nan.

Kunya ado ce, ban musa ba, kuma ban ce a yar da ita ba. Amma abin da na koya shi ne, in wanda ya riƙe ka da amana ya roƙi ɗan abin da zai faranta masa rai, ba shi yau. Wata rana ba a hannunka take ba.